Baturiya da Hatsi Mai Ciki

Idan Baturiya ta yi dariya, abin da ido ke fara gani giɓi ne a sama, gurbin haƙora biyu. Baƙo zai ce tsufa ne. Mutanen Agiye sun san ba tsufa ba ne, taɓarya ce.

A Gangara aka yi mata shi. Mijinta Isaka ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, Musbahu, bai ma isa shiga lakol ba, wato makarantar boko. Ranar da ta fita takaba ƙannen mijin suka shigo gidan da amalanke, suka ce ta kwashe ƙwaryarta ta koma gidan ubanta, gida na dangi ne. Ta zauna kan turmi ta ce ba inda za ta. Babbansu bai tsaya musu ba. Ya ɗauki taɓaryar da ke jingine da dangar kara, ya kai mata a baki. Ta faɗi, yaron ya faɗa kanta yana ihu. Da ta farfaɗo ta lalubi haƙoranta cikin rairayi, ta ƙulle su a bakin zane, ta kama hannun ɗanta. Ba ta nufi gidan ubanta ba, ta nufi Agiye.

"Daga yau," in ji ta, jini na bin haɓarta, "ƙasar da zan kwanta a kai sai wadda na saya."

Da man gyaɗa ta fara. Ta ari turmi da kasko, ta soya, ta daka, ta matse, ta toya ƙuli, ta kai bakin tasha. Hannayenta suka yi kanta kamar na maƙeri. Daga mai ta shiga sayen aya a buhu, tana ajiyewa sai ta yi tsada. A lokacin kuɗinta a ƙugu suke kwana, cikin lalita ƙarƙashin zane. Wata rana suna dawowa daga kasuwar Gazawa 'yan fashi suka tare motarsu da rana tsaka, suka kwantar da kowa rub da ciki. Ɗaya ya taka mata wuya da takalmi, ya sa wuƙa ya yanke lalitar, ya haɗa da fatar ƙugunta. Tabon yana nan har gobe, kamar an ja layi da garwashi.

Wannan wuƙar ce ta mai da ita mai filaye. Tana kwance tana jinya ta yi tunaninta ta gama: ɓarawo yana ɗaukar kuɗi, yana kora akuya, yana fasa rumbu, amma ba a taɓa ganin wanda ya naɗe ƙasa ya aza a ka ba.

Filinta na fari juji ne a bayan tasha, inda ake jefar da mushen jakai. Aka yi ta yi mata dariya. Ta kwashe jujin da kanta ta sayar wa manoma taki, ta buga tubali kaɗan-kaɗan, ta tayar da ɗaki biyu, ta saka malamin lakol a ɗaya, ma'aikacin likita a ɗayan. Masu albashi take so, don wata ba ya ƙin mutuwa. Abin da ya shigo ba ya kwana biyu a hannunta: ya zama siminti, ko kwano, ko wani ɗan fili a gefen gari. Kuma ta san lokacin saye. Sai ruwa ya yi malka, rumbuna sun yi fayau, magidanci ya rasa abin da zai auna wa iyali, sannan za a ga Baturiya ta yafa mayafi tana zaga gefen gari tana gaishe da mutane. Sayarwa kuwa sai 'yan ci-rani sun dawo da aljihu cike.

"Ba ki da tausayi, Baturiya," in ji matan unguwa.

"Ni na cinye masu hatsin? Su suka zo har ƙofata."

Ɗan hayar da ya yi mata taurin kai ba ta kai shi ƙara buro, wajen hukuma. Zuwa take da guduma ta ɓalle ƙyauren ɗakin. Wani mahauci ya taɓa biyo ta da wuƙar fawa kan haka, ya tsaga mata mayafi har ya taɓa kafaɗa. Ba ta ajiye ƙyauren ba. Ta ratsa kasuwa da shi a ka, jini na ɗiga, tana amsa gaisuwar mutane. Kafin la'asar mahaucin ya aiko matarsa da ban haƙuri. Tun daga ranar aka sa mata Uwar Filaye. Sau da yawa ta tara kuɗin zuwa Makka, sai wani fili ya faɗo, ta ce Makka ba ta tashi daga inda take, fili kuwa wani zai riga ta.

Musbahu ya girma a cikin wannan. Ya yi lakol har ya iya karanta takardun meri, ofishin hukumar gari, ya zama shi ne ƙafarta da bakinta a buro. Ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai wanga," take cewa, ko "Mai gidan." Shi kuwa a gari ya tashi. Ya san farashin siminti da na kwano, amma bai taɓa duƙawa ya yi noman fari ba.

To, akwai wata gona a bakin gudron, babbar hanyar da ta wuce gabas, daidai inda gari ya fara miƙa ƙafa. Baturiya ta yi shekaru tana kallonta kamar kura ta ga akuya a ɗaure. Gonar gado ce ta 'yan'uwa biyu, Labo da ƙanensa Sanda. Labo ne babba, amma ba ya noma, yana can yana dillancin shanu. Sanda shi ke duƙe a kanta da matarsa Dija da 'ya'yansu. A wata damina mai wuya Labo ya zo ya ce zai sayar. Kuɗin ya fi ƙarfin abin da ke hannunta. Ta kwana biyu tana juyi, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta sayar da gidajen hayarta, har da na bayan tasha, ta haɗa da sauran filayenta, ta zuba duka a gona guda. Ta koma ɗaki ɗaya a gidan ɗanta. In an yanka gonar nan filaye, kowane ɗaya zai mai da mata gida. In ba a yanka ba, ba ta da ko tubali a Agiye.

Aka yi ciniki gaban maigari da shaidu. Sanda bai so ba, amma wa ya riga ya yi magana. Ya dangwala yatsa, ya goge a riga, ya ɗago kai.

"Inna, ƙasa taki ce, na ji. Amma hatsin da ke kanta ni na shuka shi. Sai na ɗaure dami na ƙarshe."

"Haba Sanda, ni za ka koya wa wannan? Ɗiyar manomi ce ni."

Maigari ya ce ai ba sai an faɗa ba. Tun kaka da kakanni haka ake yi: ana sayar da gona, ba a sayar da abin da ke tsaye a kanta. Mai shuka shi ke girbi, sai ya kwashe kara sannan sabon mai gona ya taka. Hatsin kuwa a lokacin ya wuce kan mutum, ya yi baƙi ƙirin, ya ƙunshi ciki, saura kaɗan ya fid da kai.

Da abin ya tsaya nan, da ba mu da labari. Sai ga samari sun sauko daga ramukan zinariya na arewa, kuɗi na ƙona masu aljihu, kowa na son fili a bakin gudron kafin motar da ta kawo su ta juya. A ɗaya gefen hanyar kuma wani attajirin Maraɗi ya riga ya kafa turakun siminti a tasa gonar, filaye reras, yana ta kiran mutane. Samarin suka zo wajen Musbahu, ya nuna masu hatsi.

"Ina filin yake?" in ji ɗaya. "Mu fili muka zo saye, ba tuwo ba."

Musbahu ya shigo gida yana huci, ya tarar da uwar tana tsince wake.

"Inna, za su tsallaka hanya. Mai awon filaye ya zo daga Maraɗi da na'urarsa, jibi zai koma. In ba a kafa turaku yanzu ba, sai dai mu ga ƙurarsu."

"A jira kaka."

"Kaka? Kafin kaka sun koma rami! Wa ke da kuɗi a garin nan bayan su? Me za mu ci, takarda?"

"Kai wanga, hatsi da ciki ba a sa mashi ƙarfe."

"Wa ya ce duka? Hanyoyi kawai. Ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye, mai awo ya ja igiyarsa, su ga inda filayen za su faɗa. Dami nawa ne a ciki? Mu biya shi ninki."

Ta tsaya da tsintar waken. Ta san abin da uwarta za ta ce da tana da rai. Ta kuma tuna ɗakin da take kwana yanzu, wanda ba da sunanta aka saya ba, da amalanken nan na Gangara. Ta watsa ƙaiƙayin waken.

"Hanya kawai," ta ce. "Kuma a gaya wa Sanda tukuna."

Ba a gaya masa ba. Musbahu ya san amsar da zai samu, sai ya zaɓi ranar da Sanda ya tafi jana'iza wata unguwa. Ya ɗebo samarin tasha, majiya ƙarfi, kowa da adda, ya lodo turakun siminti a amalanke. Baturiya ta iso da hantsi ta tarar an riga an buɗe hanya daga gudron har ƙarshen gona, ana kan saran ta gicciye. Karan yana kwance ɗanye shar, ruwa na fita daga inda aka sare. Warin ɗanyen hatsi ya cika wurin. Ta gani, amma ba ta ce a tsaya ba.

Dija ce ta fara gani. Ta zo tsinkar yakuwa da ƙwarya a ka. Ta tsaya a bakin hanyar da aka buɗe, ƙwaryar ta suɓuce. Sai ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu, irin wanda ake yi in gobara ta kama ko an yi mutuwa. Ihun ya tsallake gonaki, wasu mata suka karɓa, ya shiga gari.

Sanda ya iso da gudu, babu hula, rigar jana'iza na jikinsa, ya fizgo adda a hanya. Bayansa 'yan'uwa da maƙwabta, wasu da hauya, wasu da gatari, wasu da kulki. Bai kula kowa ba. Ya duƙa ya ɗauki kara ɗaya, ya tsaga cikinsa da farce, ya zaro zangarniyar da ba ta fito ba, fara sol, taushi kamar ɗan yatsan jariri. Ya miƙa wa Baturiya a tafin hannu.

"Inna, dubi. Kin san mene ne wanga?"

"Sanda, ka yi haƙuri. Hanya ce kawai. Zan biya ka, dami biyu kan kowane ɗaya."

"Biya? Ana biyan ɓari?"

"Na ce ka yi haƙuri."

"Gaban maigari kika ce ɗiyar manomi ce ke. Wane manomin ya haife ki?"

Musbahu ya matso yana dafa aljihu. "Malam, ka iya bakinka, uwata kake wa magana. Gonar nan an saye ta, takarda na nan."

"Ka dafa ta ka ba 'ya'yanka."

Ko a nan da an yi dace, da dattawa sun shiga tsakani. Amma cikin samarin tasha akwai wani mai jan ido wanda ya ga abin ya zama wasa. Ya kalli Sanda, ya yi murmushi, ya ɗaga adda ya tsinke wani kara a gabansa, ƙat, ya ce, "Ga wani ɓarin."

Ƙanen Dija ya sauke masa ƙotar hauya a ƙeya. Ya kife. Daga nan babu wanda zai iya cewa wa ya bugi wa.

Mai awo ya rungumi na'urarsa ya yi gudron da gudu. Hatsi ya rufe mutane, ba ka ganin kowa sai kara na girgiza, sai ƙarar itace kan ƙashi da salati da zagi. Ƙasar rairayi ce, babu dutse, sai samarin suka koma kan amalanke suna ɗibar turakun siminti suna jifa. Ɗaya ya sami wani dattijo a gwiwa, aka ji ƙashin ya ce ƙas. Wani yaron tasha ya fito daga cikin hatsi riƙe da kunnensa a hannu yana neman wanda zai nuna wa. Jakin amalanken ya tsinke igiya ya bi ta kan wanda ke ƙasa.

Baturiya tana tsakiya tana cewa, "Ku bari! Ku bari, na fasa!" Ba mai jin ta. Dija ta cim mata ta baya, ta damƙi wuyan rigarta, suka zube tare. Dija ta kafa mata haƙori a kunci, Baturiya ta sa gwiwa ta ture ta. Da ta ɗago, ta cikin karan da aka tattake, sai ta hango su.

Musbahu ya ɗaga turken siminti sama da hannu biyu. Sanda yana gabansa, adda a sama. Kusan tare suka sauke. Addar ta sami Musbahu a wuyan hannun hagu ta shige, turken ya sami Sanda a tsakar ka.

"Musbahu!"

Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, ranar ya fita daga bakinta, har mutanen da ke bakin gudron suka ji.

Ta rarrafa ta isa gare shi. Hannun yana reto da 'yar fata, jini na tsartuwa kamar an huda salka. Ta warware kallabinta ta ɗaure damtsen, ta ja da haƙoran da suka rage mata. 'Yan'uwan Sanda suka ga nasu a kwance ba motsi, suka yo kan Musbahu da kulake. Ta kwanta a kansa ta rufe shi ruf. Duka ya sauka a bayanta kamar ana sussuka. Ta ji haƙarƙarinta ya karye, ɗaya, sannan wani. Ba ta ɗaga ba. Tana jin numfashinsa a wuyanta tana cewa, "Ni ce, ni na sa shi, ni za ku kashe." Sai da jandarma suka iso suka yi harbi sama sannan kulaken suka tsaya.

Sanda bai kai likita ba, a kan amalanke ya cika, kansa a cinyar Dija. Musbahu aka wuce da shi Maraɗi, aka ƙarasa cire hannun. Da ya warke aka yi shari'a, ya shiga kaso. Samarin zinariya kuwa tun ranar suka tsallaka hanya suka sayi filayen attajirin Maraɗi.

Hukuma ta yi nata, amma gari ma yana da nasa. Da Baturiya ta iya tashi zaune aka kira ta ƙofar maigari, ga liman, ga dattawa, ga Labo a rakuɓe ya kasa ɗaga ido. Aka tambayi Dija abin da take so.

"Ba ni son kuɗinta," in ji Dija daga bayan mayafin takaba. "In girbe abin da mijina ya bari. Kuma ta dafa Alƙur'ani: ita ko ɗan aikenta, ba mai ƙara sa ƙarfe ga abin da ke tsaye a gonar nan sai mai shi ya kwashe."

Dattawa suka ce ai wannan ba sabon abu ba ne, abin da aka sani ne tun farko. Baturiya ta yi alwala, ta dafa, ta rantse. A ranta ta ce kaka ta kusa, in an kwashe kara sai ta ga abin da za ta iya tsira da shi.

Aka yi girbi. 'Yan'uwa suka taru suka ɗaure wa Dija damunanta, aka kwashe kara. Baturiya ta dogara sanda ta tafi ganin gonarta. Daga gudron ta hango kore a tsakiyar fili, layi ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye, an kewaye da ƙaya. Ta matsa. Rogo ne. Tun kafin ruwa ya ɗauke Dija ta sa 'ya'yanta sun bi hanyoyin nan biyu da aka sare sun dasa rogo, daga gudron har ƙarshen gona, har inda jinin ubansu ya zuba.

Rogo bai san kaka ba. Yana tsaye duk rani, yana tsaye har bazara. Kuma fili ba ya sayuwa in babu hanyar shiga. Baturiya ta jira. Ruwan fari na sauka, kafin a tone rogon, Dija ta shuka hatsi a sauran gonar. Kafin a girbe hatsin, ta dasa sabon rogo. Gonar ba ta ƙara kwana tsirara ba ko sau ɗaya.

Masu ba da shawara suka yi ta zuwa. Wani ya ce takarda tata ce, ta kai ƙara, a turo jandarma su tsaya a tuge rogon. Wani ya ce rantsuwa ai ana yi mata kaffara. Ta nemi magina su zo ko katanga su fara ja mata a gefen gudron, babbansu ya ce, "Inna, ki gafarce ni, yarana ba za su kwaɓa ƙasar nan ba." Ta nemi mai saye ko da faɗuwa, kowa ya ji wace gona ce sai ya tuna yana da uzuri. Matar Musbahu ta koma gidansu da yara. Abin da ya rage a ɗaki ya tafi wajen kai wa na kaso abinci. Uwar Filaye ta wayi gari tana auna hatsi da tiya rabi.

Ranar da ta dawo daga ziyarar kaso, inda ta ga ɗanta yana ƙoƙarin ɗaure tazugen wando da hannu ɗaya da haƙori, ba ta shiga gida ba sai don ta ɗauki adda. Ta bi gudron da rana tsaka, mutane na kaucewa. Wasu suka biyo ta daga nesa.

Dija tana gindin gawo tana gyara ƙaya. Ta ga addar. Ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta taka ta shiga cikin rogon, ta zauna a tsakiyar layi, ta miƙe ƙafa.

"Baturiya," ta ce, babu Inna, babu komai. "Kin zo?"

"Tashi, Dija."

"Fara da ni. Ni ma a tsaye nake a gonar nan."

"Duk abin da na tara tun ina yarinya yana ƙarƙashin rogon nan naki. Haƙorana na ciki. Hannun ɗana na ciki."

"Nawa mijin yana ina?"

"Har yaushe za ki yi ta dasawa?"

"Har yaran nan su daina cin abinci."

Baturiya ta ɗaga ƙayar da bakin adda ta jefar gefe, ta shiga. Ta tsaya kan Dija. Hannunta ya tashi. Mutanen da ke gudron suka yi salati, wani ya fara gudowa. Dija ba ta ƙifta ba. Ta ɗago fuska kawai tana kallonta, zaune daram, kamar mai cewa ba inda za ta.

Baturiya ta san wannan zaman. Ta taɓa yin irinsa a kan turmi, ta kuma san yadda mai tsaye da makami yake a idon na zaune. Harshenta ya je ya taɓa giɓin.

Addar ta sauka, amma a ƙasa, gefen ƙafar Dija, inda wani turken siminti ya nutse cikin rairayi tun ranar faɗan. Ta yi ta tono tana nishi, haƙarƙarin na sukarta, har ta ciro shi. Ta nemo na biyu a gindin ƙaya, na uku a bakin kwalbati. Ta kira mai amalanke ya ɗora mata. Sannan ta dawo ta jawo ƙayar da ta ɗage ta mai da ita inda take.

"Ki ƙara ƙaya ta gabas," ta ce, ba ta dubi Dija ba. "Awaki na shiga ta nan."

Takardar gonar tana nan a ƙasan akwatinta, ba ta yaga ba, ba ta kuma ba kowa ba. In an tambaye ta takan ce gonar tata ce, ana dai yi mata ajiya. Dija kuwa ba ta taɓa gode mata ba, ba su kuma gaisawa.

Wanda ya sauka tashar Agiye yanzu zai ga wata tsohuwa a gefen masu shayi, ta ɗan karkace ta hagu, tana tuyar ƙuli. Murhunta ba na dutse ba ne, turakun siminti ne guda uku, wuta ta tsattsaga su sun yi baƙi. Rabin abin da ta samu yana tafiya kaso, rabi tana ƙullewa. Kwanan baya an gan ta bayan makabarta tana taka wani kwari da ruwa ke kwanciya, wanda ba mai so, tana auna shi da ƙafa.

Mai kwarin ya ce, "Inna, in kina so yau ma sai a kafa turke."

Ta duƙa da ƙyar, ta ɗaga wani ganye da ke yaɗo a gefen kwarin.

"Kabewar nan ta wa ce?"

"Oho, ta wata tsohuwa ce, ita ta watsa iri. Ai ba komai ba ce, sai a tuge."

"Bar ta," in ji Baturiya. "In ta ɗebe abinta ka aiko mani."